Ranar da Kaka Ya Sauka a Hanya

Warin fetur da na albasa in suka haɗu, har yau sai na ji kunya ta rufe ni kamar an kama ni da hannu cikin tukunya.

Mota ɗaya ce ke fita daga ƙauyenmu na wajen Kajiji zuwa Bodinga, wata a-kori-kura da ke kwasar albasa da mutane. Direbanta yakan yi mana alfahari cewa injinta lafiyayye ne, kaya da yashin hanya ne kawai ke riƙe ta. Ya manta da kakana. In tsohon nan ya zauna gaba, da motar ta ɗan zabura sai ya ɗora hannu kan gwiwar direba, ita kuwa ta koma tafiyar jaki.

Wata safiya da rani aka haɗa ni da matar baffana, mai cikin fari, wai in raka ta asibiti. Naƙuda ta taso mata tun asuba, abin ya ƙi, ungozoma ta ce a tafi. Muna hawa bayan motar sai ga Kaka, surukinta, da sandarsa zai je kasuwa, ya shiga gaba. Maza ba su san abin da ake ciki ba, kuma wa zai buɗe baki ya faɗi zancen haihuwar fari a gaban suruki? Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta cije gefensa. Ina jin yatsunta na nutsewa cikin hannuna, Kaka kuwa yana ta tsayar da mota yana gaisawa da masu ban ruwa.

Da na ga zaninta ya jiƙe, tsoro ya fi ƙarfin tarbiyyata. Na buga rufin motar, na ce da ƙarfi a gaban maza duka, "Kaka, haihuwa za ta yi!"

Wata tsohuwa ta ce wannan yarinya ba ta da ta-ido. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Kaka bai waiwayo ba. Ya ce wa direba, "Tsaya nan, ɗana. Ina da wani sha'ani ƙarƙashin iccen ga." Babu kowa a wurin, babu ko rijiya. Ya sauka da sandarsa, ya juya mana baya. Ranar na san motar nan tana da gudu.

An ciro yaron da rai, da ƙyar. Kaka ya koma gida a ƙafa cikin rana, ya yi kwanaki yana jinya, kuma har ya rasu bai tayar da zancen ba. Matar baffana ta daɗe ba ta iya haɗa ido da ni.

Yanzu surukai ne ke bugo waya ɗakin haihuwa suna tambayar ko an sauka, kuma na san hakan ya fi. Amma ni da na yi jikoki, har yau in zan sanar da dattijo an haihu, sai in aiki wani.