Rumbun da Na Faɗa Ciki

Damagaram, asubar Talata

Ƙarfe biyar da rabi muka bar Birni, ni da Malam Ilu, shugaban bironmu, wato ofishin zanen gine-gine. An ba mu aikin zana sabon filin kokawa, aka ce kada ya yi kama da na Turawa. Wata uku ke nan da na gama karatu a lakwal, kuma wannan ne aikina na farko. Malam ya ce, "Duwatsun garin nan mun zana har mun gaji. Mu je mu ga rumbu."

A bariya, shingen hanyar garin Dogo, wani jandarma ya leƙo cikin motarmu. "Me kuka ɗauko?"

Direba ya ce, "Takarda da igiyar awo."

"A wannan shekara ta fari da yunwa? Ku wuce, Allah ya ba ku lafiya."

Dogo, bakwai da kwata

Muka sha fura wadda ruwanta ya rinjayi geronta, muka saki babbar hanya.

Wani ƙauye, ƙarfe tara

Sunansa ba zai fito daga bakina ba. Malam na can yana gaisawa da dattawa, ni kuwa na hango rumbun laka, ƙato, da tsani a jingine. 'Yar birni ce ni. Ban san mace ba ta leƙa rumbun maigida ba. Na hau, na ture hular ciyawar, na miƙa igiya. Ƙafata ta zame.

Wayyo! Na yi zaton gero zai tare ni. Ƙasa ce ta tare ni. Ko zangarniya ɗaya babu.

Ina kwance ina salati, sai na ga bango ya kewaye ni da inuwa mai sanyi, rana kuwa ta sauko a tsakiya kaɗai. Nan fuskar mai rumbun ta rufe hasken.

Ya ce a hankali, "'Yata, kin karye?"

"A'a, Baba."

"To me kika gani?"

"Ban ga komai ba."

"Abin da nake tsoron ki faɗa ke nan. Iyalina sun ɗauka akwai gero."

Da aka jawo ni, gida duk ya taru. Uwargida ta ƙura mini ido. Na miƙe, ƙuguna kamar an sara, na ce, "Alhamdulillahi, gero ne ya cece ni!" Na taka zuwa mota ba ɗingishi. Sai da muka wuce Dogo na fashe da kuka.

Gida, la'asar

Malam ya duba zanen da na yi a tsaye, don zama ya gagare ni: bango zagayayye, 'yan kallo a inuwa, 'yan kokawa a rana. Ya ce, "Madalla. Amma ki ƙara ƙofa a ƙasa."

Na gode wa Allah da ya maido ni, da direban da ya riƙa kauce wa ramuka saboda ƙuguna. Baba mai rumbu, Allah ya kawo ruwa, ya mai da ƙaryata gaskiya.