Ita ke tattarawa, shi ke ɗaurewa

Mai Lilo direbobin manyan motoci ke kiransa, har sunansa na yanka ya ɓace. Sana'arsa ɗinka gadon lilo, irin wanda direba ke ratayewa tsakanin bishiya da jikin mota in tafiya ta yi nisa. Shagonsa wani ɗan lungu ne a bayan tasha, daga keken ɗinki sai tarin yadi mai kauri da igiyoyi a jikin ƙusa. Ga shi da cika baki, wai duk duniya babu mai ƙulli irin nasa.

Abin da ba ya faɗa shi ne, kafin a ɗaure sai an tattara bakin yadin, ninki kan ninki, a ɗan ja gefe, a ɗan saki tsakiya. In aka kuskure, gadon ya karkace ya zubar da mutum. Wannan kuwa matarsa ke yi a gida tun suna da ƙuruciya. Ta tattara ta riƙe, shi ya naɗa igiya ya ƙulle. Bai taɓa tsayawa ya kalli yadda take yi ba.

Sai ciwo ya kwantar da ita. Likita ya ce a mai da ita gida a yi ta lallaɓawa, kowa kuma ya gane nufinsa. Bayanta ya ƙi katifa, ko ta wane gefe aka juya ta sai nishi, barci ya ƙaurace mata. Mai Lilo ya ce gadon lilo zai yi mata, ko Allah ya sa ta runtsa.

Ya zaɓi yadi mafi laushi, ya tattara, ya ɗaure, ya rataya tsakanin ƙarfen taga da wata ƙugiya a bango. Ya hau gwaji, sai ga tsoho tim a ƙasa. Ya kwance ya sake, gadon ya sake karkacewa. Ya zauna yana kallon hannuwansa, idonsa fal ƙwalla, abin gwanin ban tausayi.

Daga kan gado ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Malam sarkin ƙulli, kawo nan kafin ka karya ƙugu."

"Ke da ko cokali ba kya iya riƙewa?"

"Kawo dai. Kuma yau ka buɗe ido ka kalla."

Duk da ciwon, yatsunta ba su manta ba. Ta tattara bakin yadin na gefe guda, ya ƙulle, sai ƙarfinta ya ƙare.

Ta ce, "Ɗayan naka ne."

Ya yi a hankali, tana gyara masa da ido. Ya hau, gadon bai karkace ba. Sannan ya ɗauke ta, ba ta fi nauyin yarinya ba, ya shimfiɗe ta a ciki. Ta yi ajiyar zuciya, kafin ya gama gyara mata mayafi barci ya kwashe ta.

Shi kuwa tsoro bai bar shi ya zauna ba. Ya koma wajen bakin da ya tattara da kansa, ya riƙe igiyar da hannu biyu, yana tsaye har la'asar.