Albasar Sahabi Cikin Waya

"Har yau bai motsa hannun ba?"

"Ina! Likita ya ce a matsa ƙwallo, shi ko ya ce shi ba yaro ba ne."

Zakiyya na jin hirar matan unguwa daga zaure. Mahaifinta suke nufi, Malam Sahabi mai albasa, wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar tun girbi. Likita ya ce in hannun daman ya ƙara daɗewa a kwance, ya tafi ke nan.

Duk Goronyo an san Sahabi da tsadar magana. Shekarunsa kaf a fadama, bai taɓa ce wa ɗa "yi kaza" ba. Sai ya kai ka fangali guda, wato ɗan kwamin da aka dasa albasa, ga ruwa ya taru bayan curin laka, ya koma gefe yana cin goro. Ƙaiƙayin hannu zai sa ka ture lakar, ruwa ya kwaranya. Gobe ka iske curi biyu, ɗaya in ka ture, ruwa ya bi hanya ya ɓata. Da haka 'ya'yansa suka iya ban ruwa. Wanda bai ba da umarni ba kuwa, karɓarsa wuya take yi masa.

Zakiyya, da ta karanto kwamfuta a Sakkwato, ta haɗa masa wani ƙaramin wasa a waya. Ba rubutu ko ɗaya, ba kibiya. Hoton albasa ce ta yi yaushi, ga ruwa, ga laka.

Da hantsi ta miƙa masa kofin kunu a hagu, ta ajiye wayar kan tabarma ta damansa, ta laɓe bayan labule.

Ya harari abin. "Mi na na wanga kuma?"

Albasar ta ƙara langaɓewa. Ya kau da kai, ya sake dubawa. Can yatsan hannun daman ya ja jiki, ya kuskure, ya sake, har ya dangwali lakar. Ruwa ya gudu, ganye ya miƙe. Sai ga curi biyu.

Zakiyya ta toshe baki da mayafi.

Yana fangali na gaba wayar ta mutu. Ya yi tsaki, ya kira matarsa, harshe na sarƙewa.

"Habi! Ce ma ɗiyarki ta sa ma abin ga wuta. Albasata ba ta gama sha ba."