Rigar Waƙa Cikin Ruwa

Kai, mai facin taya ya kasa ɗauke ido daga dattijon nan! Safiyar Lahadi ce, ga shi tsaye a tasha, riƙe da rigar mawaƙan coci wadda ta sha guga. Ko ƙuda ba ya bari ya sauka a kanta. Mai faci na tunani, ƙila yau shi zai ja waƙa.

Sai ruwa ya ɓarke. Wata mai goyo ta rasa mafaka, jaririnta na tsala ihu. Dattijo ya warware rigar, ya lulluɓe su.

"Baba, za ta ɓaci!"

Yana dariya, ruwa na ɗiga daga gemunsa. "Bar ta, 'yata. Yesun da nake yi wa waƙa ya fi son ta haka."