Kukan Babur Ɗina Ne Ya Ba Da Shaida A Kaina

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karatu. Ni ban yi nisa a boko ba, don haka a yi haƙuri da rubutun, yadda abin ya faru haka zan zuba shi.

A zamanin mulkin soja, wajen ƙarshen shekarun tamanin, ni saurayin magidanci ne mai jini a jika, gajere, kakkaura, ga saurin hannu. Lebura ne ni a tashar jirgin ƙasa ta Minna, inda mahaifina ma ya yi aiki har ƙarfinsa ya ƙare. Da aka rage ma'aikata aka sallame mu, sai na haɗa ɗan abin da aka ba ni na sayi babur na hannu, na shiga kabu-kabu, lokacin sana'ar tana sabuwa a garin. Ina haya a Ketaren Gwari da matata da 'yarmu. Babur ɗin nan lafiyarsa ƙalau, ba ya shan mai, ba ya ba ni wahala. Da na bar shi yadda maƙeransa suka yi shi, da yau ba ku ji ni ba. Amma ni na saba da rugugin kan jirgi, sai nake jin kukansa kamar na keken ɗinki. Abokan sana'a ma ba su ƙyale ni ba, kullum tsiya, wai babur ɗin amarya na saya, wai in na taho sai an waiwaya ake sanin na iso.

Haka na kai shi wurin wani bakanike a bayan kasuwa, na ce ya mayar mini da shi namiji. Ya sa mini babban fistan, ya taɓa kafireta, ya ɗaura mini hon irin na tirela. Sannan muka zo kan salansa. Ya fasa ta, ya ƙwaƙule abin da ke cikinta, ya kai wa mai walda aka liƙa mata wani bakin bututu mai faɗi. Ranar da na buga kik na murɗa totur, kajin unguwar suka watse, wani akuya ya tsinke igiya. Kukan ba irin na kowa ba ne, in na saki totur sai ya yi wata irin fashewa kamar harbin bindigar toka. Bakaniken yana dariya ya ce yanzu ko makaho ya san ni. Na ji daɗin maganar nan ƙwarai, ban san bakinsa ne ya faɗi abin da zai same ni ba. Gaskiya babur ɗin ya ƙara gudu kaɗan, amma ya koma shan mai kamar rami, ga zafi, mata masu goyo suka daina hawa. Matata ta ce cefane ya ragu, na ce mata ta yi mini shiru, ba ta san darajar inji ba.

Ɗakina yana jingine da na wata dattijuwa Bagwariya, Kirista, mai sayar da doya a kasuwa, kowa Mama yake ce mata. Mijinta tsohon manomi ne da ɓarin jikinsa ya shanye, yana kwance a ɗaki, tagarsa daidai inda nake ajiye babur. Duk sanda na tayar da injin, bawan Allah nan sai ya zabura, jikinsa ya ɗauki rawa, wani lokaci har ya saki fitsari a shimfiɗa. Mama ta same ni da lalama, ta kira ni ɗanta, ta roƙe ni in riƙa tura babur ɗin zuwa bakin titi kafin in tayar. Na ce to, ban yi ba. Ta kai ƙarata wurin mai gidan hayar, na ce masa kuɗina nake biya. Limamin masallacinmu ya yi mini nasiha kan haƙƙin maƙwabci, na sunkuyar da kai a gabansa, da na fito na murɗa totur a ƙofar masallacin. Har kwaikwayon Hausar Mama nake yi ina ba mutane dariya, don takan ce wa namiji ke, mace kai. Wani maƙwabcinmu tela ya taɓa riƙe mini kan babur ya ce in ji tsoron Allah, na sauko na fasa masa leɓe. Daga ranar babu wanda ya ƙara yi mini magana a layin nan, ni kuma na ɗauka tsorona ake ji.

Ranar da abin zai faru, da hantsi, na fito da farar riga na tsaya ƙarƙashin tagar tsohon ina ɗumama inji, ina murɗawa ina saki don in ji fashewar nan. Na daɗe ina yi, da gangan. Sai ga Mama ta fito da roba cike da ruwan wanke tukunya, duk manja da daddawa, ta sheƙa mini a gadon baya. Na diro na hankaɗe ta, ta faɗi zaune a kan tulin doyarta, zaninta ya kwance. Mace sa'ar uwata. Ta nuna ni da yatsa ta ce kukan babur ɗin nan sai ya ci ni. Na zage ta, na zagi mijinta da ke kwance, na ce in ya gaji da duniya ya tafi mana. Ko rigar ban canza ba, na haye na bar su da hayaƙi.

Abin da ban sani ba shi ne, a daidai wannan lokacin, can unguwar Limawa, wasu mutum biyu a kan babur sun tare wani ɗan kasuwar hatsi a lungu, sun sassare shi da adda, sun fizge jakarsa sun gudu. Fuskokinsu a naɗe suke da ƙyalle, babu wanda ya gane su. Amma duk unguwar ta ji kukan babur ɗin, ta ji fashewar nan irin ta bindigar toka. Kuma a Minna ta lokacin, in aka ce wannan kuka, mutum ɗaya ake nufi.

Wajen azahar na ɗauko fasinja daga tasha zuwa Limawa. Na sauke shi kusa da bakin kasuwa, na murɗa totur yadda na saba. Sai na ji wani ya ce ga shi nan, har ya dawo. Ban gama juyawa ba gora ta sauka a kafaɗata. Na faɗi, babur ya danne mini ƙafa, salansar nan mai zafi ta manne a ƙwaurina, ina jin ƙaurin namana. Aka janyo ni ta ƙafa a kan tsakuwa. Wani ya yage rigar daga jikina, ya ɗaga ta sama yana nuna jan tabon da ke bayanta, yana cewa ga jinin Alhaji ma bai bushe ba. Daga nan ban ƙara ganin fuska ba, sai ƙafafu. Masu dako, mahauta, masu tura baro, har da mata. Ana duka da itacen wuta, da ƙarfen rodi, da duwatsu. Na buɗe baki in ce ba ni ba ne, aka tura mini dunduniya a ciki, haƙorana na gaba suka zube. Na sa hannu na kare kaina, aka karya hannun, na ji ƙarar ƙashin kamar an taka busasshen kara. Wani ya ɗago rabin bulo ya sake mini a kunnen hagu. Duniya ta yi tsit ta wannan ɓangaren, kuma har yau ba ta dawo ba.

Wani dattijo ya yi ƙoƙari, na ji yana tambaya ko akwai wanda ya san ni a tsaya a bincika. Akwai. Ta tsakanin ƙafafun mutane na hango telan nan da na fasa wa leɓe, ya zo sayen zare. Mun haɗa ido. Ya kawar da kai. Ban taɓa riƙe shi a zuciya ba, ni na koya masa yin shiru a kaina. Abokan kabu-kabu masu zuga ni kuwa, tun gorar farko suka tayar da baburansu suka ɓace.

Aka kawo tsohuwar taya aka zura mini a wuya. Suka cire tiyo daga tankin babur ɗina, suka tsiyayi man da na saya da safe, suka kwarara mini a ka. Ya shiga idona, ya shiga raunukan, zafin ya fi na dukan. Suka fara cinna wa babur ɗin wuta can gefe, ina kallo yana ci, hon ɗin tirelar yana narkewa. Wani da ke tsaye a kaina yana ta neman ashana, ta hannunsa ta jiƙe da fetur ta ƙi kamawa. Na yi kalmar shahada da bakin da babu haƙora. Na tuna 'yata.

Sai ga Mama. Faɗanmu ne ya sa ta makara, sai lokacin take isowa kasuwa da ƙwaryar doya a kafaɗa, yadda matan Gwari suke ɗaukar kaya. Ta sauke ƙwaryar, ta ratsa maza tana ture su, ta zo ta tsaya a kaina, ƙafarta ɗaya nan ɗaya can, zaninta yana shan fetur. Ta ce duk mai ƙona wannan sai ya haɗa da ita. Aka ce ta kauce, ɓarawo ne, kowa ya ji kukan babur ɗinsa. Ta tambaya da wane lokaci, aka ce da hantsi. Ta ce to ƙarya ne, da hantsi wannan ɗan banzan yana ƙarƙashin tagar mijinta a Ketaren Gwari yana kashe mata shi da ƙara, ita ta san kukan babur ɗin nan fiye da tarin mijinta, kuma babu wanda ya kai ta son ganin bayansa a duk garin nan. Mai riƙe da rigar ya ce to jinin fa. Ta fizge rigar ta tura masa a hanci, ta ce ya shinshina, in bai san manja da daddawa ba ya koma gida uwarsa ta koya masa. Ya shinshina. Ya miƙa wa na kusa da shi, shi ma ya shinshina. Wani mahauci ya karɓa ya duba, ya ce shi dai ya san jini, wannan miya ce. Da Hausar nan tata da nake kwaikwaya ta yi duk maganar, tana ce mini ke, kuma babu wanda ya yi dariya. Ta tsaya a wurin ba ta gusa ba har 'yan sanda suka zo.

Na daɗe a asibiti da ankwa a ƙafa. Allah ya sa ɗan kasuwar bai mutu ba, da ya farfaɗo ya ce mai tuƙin dogo ne siriri, aka sake ni. Daga baya na ji cewa bakaniken nan ya fasa wa wasu salansa iri ɗaya da tawa, don zuwa suke yi su ce a yi musu irin ta mutumin Ketaren Gwari. Ashe kukan da nake taƙama nawa ne ni kaɗai, sayar da shi ake yi a bayan kasuwa, ni dai sunana ne a kansa.

Bayan wasu watanni mijin Mama ya rasu. Na je gaisuwa da ƙafa, hannu a saƙale. Na durƙusa na ce Mama ki yafe mini. Ta ce in matso da kunnen da yake ji. Ta ce ba don tana ƙaunata ta tsaya a kaina ba, ita dai ba za ta ga an ƙona mutum a kan ƙarya ta je ta ci tuwo ba. Sannan ta ce ta yafe, don tun ranar da aka ƙona babur ɗin mijinta yake samun barci, kuma cikin barci ya tafi. Dukan Limawa bai shige ni kamar wannan magana ba.

Yanzu gadi nake yi, hannun bai ƙara ɗaukar nauyi ba. Ina ganin samari suna kai baburansu a fasa salansa, a ƙara wannan a cire wancan, suna tambayar juna ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu. Ni na biya, ga abin da na samu: gudu kaɗan, shan mai da yawa, da unguwa guda da ta ƙi jinina. Wanda ya ƙera inji ya fi ka sanin dalilin da ya toshe masa baki. In birki ne ko taya ko fitila, gyara, wannan ranka kake saya. Amma duk abin da za ka ƙara don a ji ka ko a gan ka, ka sani ranar da aka tashi neman wanda za a kama, kai aka ji, kai aka gani. Ku kuma masu ɗaga bulo da kun ji an ce ɓarawo, ku tuna saura ƙyastu ɗaya ku ƙona mutum a kan miya. Kuma kada ka wulaƙanta maƙwabci, ba ka san bakin wa zai tsaya maka ba.

Kunnen nan na hagu ba ya jin kiran salla, ba ya jin muryar jikokina. Abu ɗaya yake ji, wani rugugi da ba ya tsayawa, ko ina aiki ko ina kwance. Likita ya ce ba shi da magani. Ni na san kukan, da kuɗina na saye shi, kuma wannan karon babu makullin da zan kashe shi.