Jakin da Hanifa take nema

"Likita, wai wane jakin ne ya yi min tusa?"

Wallahi haka 'yata Hanifa, mai shekara shida, ta tambayi likitan fata yau. Ni da babanta muka sunkuyar da kai, dariya na cin mu.

Tun tana rarrafe ƙurajen nan da ake kira tusar jaki suka cika mata hannuwa. A ƙona su, su dawo. A makarantarsu a Unguwar Dosa yara ba sa riƙe hannunta, mai lalle ma ta ƙi yi mata da sallah. Ashe shi ya sa take hararar duk jakin da ta gani!

Likita ya ce, "Ba ruwan jaki, Hanifa. Ƙwayar cuta ce, garkuwar jikinki kuma ba ta da ƙarfin korar ta. Gado kika yi daga Mama da Baba."

Ta juyo ta ƙare mana kallo. "Au! Ashe jakunan a gidanmu suke!"

Likita ya yi dariya har da ƙwalla. Babanta ya ce shi dai ya amsa sunan.

Ga abin da ya sa na kasa zama wuri ɗaya: da sabon magani hannun dama ya washe. Likita ya ce suna iya dawowa, kada mu daina zuwa asibiti, amma a sa mata jan lalle. Yanzu haka hannunta na cikin leda, tana ba mu umarni a ba ta ruwa a baki.

Jama'a, wa zai taya jakuna biyu murna?