Muryata a Hannun Bazazzagiya

Likitan ƙashi ne ya fara yanke min hukunci, ya ce saboda ciwon bayana kada in sake ɗaga majinyaci. A ɗakin da nake aikin nas kuwa, a wani asibiti a Riyad, ɗaga majinyaci shi ne rabin aikin. Da kwantiragina ya kusa ƙarewa, mudirar sashenmu, wato shugabarmu, ta kira ni ofis, ta zuba min shayi, ta shiga yabon aikina. Tun daga shayin na san ba za a sabunta ba. In kwantiragi ya tafi, iƙama ta bi shi, wato takardar zama, kuma yarana biyu a kan tawa suke. Babbar tana shekarar ƙarshe a sakandare. Da Larabci ta yi duk karatunta, Hausa ma sai ta yi tuntuɓe kafin ta kai ƙarshen zance. In na kwashe ta zuwa Kano a tsakiyar shekara, ban san makarantar da zan kai ta ba.

Mudirar ce dai ta nuna min wata hanya. Sashen wayar da kan majinyata yana neman mai jin Hausa, wadda za ta yi tafinta, ta kuma karanta bayanan da ake kunna wa mutum kafin tiyata ko ɗaukar hoto. Hausawa suna zuwa asibitin sosai, yawanci 'yan Maraɗi da Damagaram masu aikin ƙarfi. Aikin zama ne, babu ɗaga kowa. Abin da suke so shi ne samfurin murya, gajerun karatu a haɗe wuri guda. Ta kuma gaya min ba ni kaɗai ke nema ba.

Ni kuwa in akwai abin da na yarda da shi a jikina, to muryata ce. Ni nake karanta labarai a taron safe tun muna makarantar kwana, kuma a gindin rediyo na girma. Na koma gidana a unguwar Malaz, na shige cikin kabad ɗin kaya tsakanin abayoyi don kada murya ta yi amsa-kuwwa, na ɗauka da waya. Na gyara zama, na buɗe maƙogwaro, na ba kowace kalma haƙƙinta. Da na saurara, har tsigar jikina ta tashi don daɗi.

Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci muna haɗuwa a unguwar Nasim, a gidan wata Hajiya, ungozoma ce kuma ita ce babbarmu. Duk ma'aikatan jinya ne daga gida. Bayan an ci tuwo an ɗauke kwanuka, na ce su yi shiru ina da abin da zan kunna musu, kuma don Allah kowa ta faɗi gaskiya.

Muryata ta cika falon: "Jama'a, a saurara. Duk wanda za a yi wa aiki gobe, to ya sani cewa daga tsakar dare ba ci, ba sha."

Hajiya ta ce, "Masha Allah. Tabarakallah. Ƙanwata, Allah ya yi miki baiwa."

Wata ta ce kamar a gidan rediyo. Wata ta ce ita dai ƙarar mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ta ɗan ji a baya, in kashe shi in zan sake, ban da wannan kalas, shi ke nan, ya yi. Ina ta murmushi ina cewa a'a, ku dai duba.

Akwai wata Bazazzagiya a cikinmu, nas ce a ɗakin haihuwa. Tun ranar da ta ji ni Bakanuwa ce ta ɗaura min ɗamara, kamar yadda aka gada tsakanin Kano da Zazzau. Ba ta taɓa kirana da sunana ba, sai baiwata, ni ma haka nake mayar mata. Ta zagi girkina, ta zagi tafiyata, babu mai jin haushi, don wasa ne. Ranar tana kishingiɗe tana sakace, sai ta tashi zaune ta dafe ƙirji.

"Inna lillahi! Baiwata, wa ya rasu?"

Falon ya kwashe da dariya.

Ta ce, "A'a, ku bari in ji. Yaushe ne jana'izar? A ƙofar gidan wa za a yi sallar? Wallahi in ni ce a kan gado aka kunna min wannan, sai in ce a kira min yarana mu yi sallama."

Na ce, "Ina Bazazzagiya ta san murya? Ku da kuke magana kamar ana koran ku."

Aka sake dariya, Hajiya ta ce mu dai ba ma girma. Na bar zancen a nan, domin a wurina wasa ne irin na kullum. Mata biyar sun ce ya yi, ɗaya ta yi abin da ta saba. Na kashe mukayyif, na sake ɗauka da murya iri ɗaya, ina zufa kamar mai tuƙa tuwon biki, na tura.

Amsar ba ta jima ba. Shugabar sashen wayar da kan majinyatan, wata Balarabiya mai ƙarancin magana, ta ce ita ba ta jin Hausa, don haka ta kunna wa wasu majinyata. Ɗaya ya tambaya ko an gano wani mugun abu ne a jikinsa. Wata ta ce a kashe. Saboda mudirata ta sa baki, za ta karɓi wani samfurin ranar Lahadi, daga nan za ta rufe.

A tsaye na karanta saƙon, sai da na nemi kujera. Na ji tsoro ƙwarai, kuma haushi ya biyo baya. Haushin Hajiya na fara ji. Daga baya na tambayi kaina, in ita ce ta kawo min nata, da idona zan dube ta in ce bai yi ba? Kara ba za ta bar ni ba. Duk falon nan mutum ɗaya ce al'ada ta ba wa izinin ta faɗa min mummuna a fuskata, kuma ta faɗa, ni ce na zuba shi a kwandon wasa.

Ranar Asabar da hantsi na kira ta, na ce ta zo Malaz don girman Allah. Ta zo daga dawam, wato wurin aiki, ko kayan aikin ba ta cire ba. Na zaunar da ita, na kawo ruwa da dabino, na gaya mata komai: bayana, kwantiragi, iƙama, makarantar yarinya. Na ce, "Yau babu wasa. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Ki gaya min tsakani da Allah abin da ke damun karatun nan."

Nan take fuskarta ta sauya. Ta gyara mayafi, ta sunkuyar da kai, ta ce, "Ayya, Yaya. Wallahi ban san abin ya kai haka ba. Ki yafe min maganar ranar nan."

Yaya! Tunda muke ba ta taɓa ce min Yaya ba.

Na sake kunna mata. Ta saurara har ƙarshe tana kallon kafet, ta ce, "Ai ba laifi. Muryarki tana da kyau. Sai dai a yi ta addu'a."

"Ba laifi kamar yaya? Ke kika ce sanarwar rasuwa ce."

"Wasa nake yi, Yaya."

Na roƙe ta, na haɗa ta da Allah, ta ƙi motsawa daga ba laifi. Da hannuna na cire wasan, kunya ta shigo ta zauna a wurinsa, na mayar da ita Hajiya ta biyu. Ga azahar tana matsowa, gobe Lahadi. Har ta fara laluben jakarta tana cewa direba yana jira. Raina ya ɓaci, zuciya ta ciyo ni, na miƙe duk da bayan da ke sukana.

Na ce, "Tashi ki tafi. Laifina ne da na nemi shawara wurin baiwa. Dama yaushe aka taɓa samun kunne a Zariya? Ku da in an yi baƙo sai ku ɓoye tukunya, yau har gaskiya kin ɓoye a ƙarƙashin gado."

Ta tsaya da jaka a hannu. Na ga gefen bakinta yana rawa. Ban sani ba ko kuka za ta yi ko fita, kuma in ta fita shi ke nan.

Ta ajiye jakar a hankali. "Ni kike gaya wa haka? Kunna. Kunna min shi, 'yar tallan goro."

Ban kai ƙarshen layin farko ba ta ɗaga hannu. "Tsaya nan. Jama'a a saurara! Wace jama'a? Mutum ɗaya ne a kan gado da rigar asibiti, gabansa yana faɗuwa, ke kina shela kamar an ɓatar da akuya a kasuwar Kurmi. Ko sallama babu. A Kano haka ake shiga wa mutane?"

"To me zan ce?"

"Me kike ce wa naki majinyatan? Na taɓa jin ki kina lallashin wata tsohuwa za ki sa mata ruwa. Har na ce ashe baiwar nan tana da hankali. Ina kika kai waccan muryar?"

Ta tura ni cikin kabad, ta jawo kujera ta zauna a bakin ƙofa. Duk layin da na karanta sai ta tare. In na ja ƙarshen kalma ta ce ga mai sanarwa ya dawo, saura ki ce ya bar mata biyu da 'ya'ya goma. In na yi sauri ta ce ciniki nake, in tsaya mutum ya haɗiye yawu. Ta ce numfashina yana shiga wayar kamar na wadda ta hau bene, in matsar da ita gefen baki. Wurin da aka ce mutum ya riƙe numfashi, ta sa na riƙe nawa tare da shi, don in san tsawon abin da nake nema a wurinsa. Ta cire "ya sani cewa", ta cire "wajibi ne". Ni kuma duk zagin da ta yi sai na rama, domin na lura da zarar na yi laushi sai ta fara tausayina, gyaran ya tsaya.

La'asar ta wuce kafin ta ce in kunna mata duka. Ta saurara ido rufe. Da ya ƙare ta ɗauki jakarta ta ce, "Hm. Na Bakanuwa dai, haka za a haƙura." A bakin ƙofa ta riƙe hannuna ta matse, ta sauka.

Ranar Lahadi shugabar sashen ba ta karɓa a ofis ba. Ta ce in biyo ta ɗakin shirya masu ɗaukar hoto. Akwai wani dattijo daga wajen Maraɗi, mai gadi ne a wata ma'aikata, an kawo shi za a saka shi cikin injin nan mai kama da rami. Tun safe ya ƙi kwanciya. Yana zaune a bakin gado ya ƙanƙame ƙarfen da hannu biyu. Ta sa aka ɗora masa abin ji a kunne, mu kuma muka tsaya bayan gilashi inda ba ya ganin mu. Ina jin muryata ƙasa-ƙasa ta lasifikar ɗakin.

"Salamu alaikum. Sannu da jiki. Na san wurin nan baƙo ne a gare ka."

Dattijon ya ɗaga kai ya ce, "Wa alaikumus salam. Yawwa, sannu ɗiyata."

Muryar ta gaya masa injin yana da ƙara amma ba ya taɓa mutum, kuma akwai masu kallonsa har a gama. Ya ce, "To, to. Madalla." Da ta ce ya kwanta a hankali, ya saki ƙarfen, ya cire hularsa ya miƙa wa ma'aikacin, ya kwanta.

Shugabar ta juyo ta tambaye ni da Larabci me yake cewa, da wa yake magana. Na buɗe baki in fassara, aikin da nake nema ke nan, amma muryar ta ƙi fita, sai hawaye. Ta dube ni, ta dubi dattijon da ke kwance lamo, ta miƙo min tishu.

Ta ce, "Kalas. Gobe ki kawo iƙamarki da ta yaran."